Ganyen Gida a Dajin Kurmi: Sharhi Kan Ɗan Littafin Maganin da Ke Yawo a Sabo

  

Tun kafin azumin bana wani ɗan littafi yake yawo a unguwar nan. Ana sayar da shi ranar Juma'a a bakin masallaci, tsakanin masu turare da masu carbi, naira 500. Shafi 40 ne da 'yan kai, bango kore, hotunan ganyaye a ciki baƙi da fari. Maganarsa guda ɗaya ce daga farko har ƙarshe: mu rage dogaro da kemis, mu koma daji yadda iyayenmu suka yi, mu tsinko abincinmu da maganinmu da hannunmu. Samari sun ɗauki hoton shafukansa suna turawa juna a WhatsApp, har an samu waɗanda suke hawa babur ranar Lahadi su nufi wajen Moniya ko bayan Eleyele, su dawo da buhu cike da ganye da sassaƙe. A mako ɗaya mutum uku suka tambaye ni a kansa, ɗaya daga cikinsu uwa ce da ɗanta yake cikin masu fitan. Shi ya sa na saya, na zauna a rumfa na karanta shi sau biyu.

Ba zan ambaci sunan marubucin ba, don ba mutum nake suka ba, aiki nake dubawa, kuma ina kyautata masa zaton alheri ya nufa. Ni kaina ba likita ba ne, ba kuma mai magani ba. Goro nake sayarwa, in liman ya yi tafiya in ja salla. Amma a hannun kakata na tashi a wani ƙauye a ƙasar Katsina, kuma na haura shekara 30 ina shiga ƙauyukan kurmi sayen goro, daga Shagamu har ƙasar Ondo. Dajin can da na nan duka na ɗan taka su. Da wannan ɗan sanin zan yi magana.

Abin da ya faɗa daidai

Adalci shi ne a fara da alherin abu. Babin farko na littafin, inda yake kukan yadda muka manta da tsirrai, wallahi ya taɓa ni. Gaskiya ce. Ka tara yaran Sabo goma da aka haifa a nan, ka ce su nuna maka tafasa a tsaye, ba a cikin kwano ba. Ka tambaye su bambancin kanya da ɗinya, ko taura da tsada. Sun san goruba da aduwa da magarya don ana kawo su a buhu a motar albasa, amma ba su taɓa ganin uwar da ta haife su ba. Mu da muka tashi a can, ruwan farko na sauka za a ba mu ƙwarya a ce mu je mu tsinko. Gasaya, rukuɓu, lalo, yaɗiya, rama, tafasa. A dafa, a matse, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa da yaji a kwaɗanta. A lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, wannan kwaɗon ne ya riƙe gidaje da yawa. Yaron da bai san wannan ba, an yi masa asara.

Haka nan ya yi gaskiya da ya ce tsirrai suna da magani. Wannan ba gardama a ciki. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Maganin zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yanzu asalinsa wani ganye ne na ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci gano shi, Tu Youyou, an ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta taɓa haɗa wani maganin sikila mai suna Niprisan daga wani haɗin gargajiya, a cikinsa har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, abubuwan da ke cikin ɗakin girkin kowace mace a Sabo. To wanda ya ce ganye shirme ne, shi ma bai sani ba.

Kuma ya yi gaskiya kan tsada. Kowa ya je kemis a shekarun nan ya san abin da ake ciki. Mai iyali da yake ɗaukar kaya a Bodija ko yake tura baro, in aka rubuta masa magani sai ya zauna ya yi lissafi tsakanin maganin da kwanon garin yara. Ba wanda zai zargi irin wannan bawan Allah don ya nemi sauƙi. Saboda haka ne ma littafin ya samu kasuwa, kuma saboda haka ne ya kamata a duba shi da kyau, tunda masu ƙaramin ƙarfi ne za su yi aiki da shi.

Dajin littafin daban, dajin bayan gidanmu daban

Babban aibin littafin shi ne bai san inda mai karatunsa yake zaune ba. Kusan duk tsirran da ya lissafa na Arewa ne: sabara, kalgo, marke, hano, geza, aduwa, bagaruwa, farar ƙaya. Sannan ya ce wa mai karatu tashi ka shiga daji ka ɗebo. Wane dajin? Sabara tsiron ƙasa mai rairayi ne da ƙarancin ruwa. A nan Badun da ruwa yake farawa tun wajen Maris ya kai Oktoba, ko ka kwana kana yawo ba za ka ga sabara ba. Matanmu sun san haka, shi ya sa in za a yi wankan jego ko dai a saya busasshiya wadda aka kawo daga gida, ko a yi da darbejiya. Hano yana son duwatsun Arewa. Marke da kalgo sai ka yi sama wajen Oke-Ogun, inda kurmi ya fara sakin jiki, kafin ka fara ganinsu sosai.

To me zai faru in ka ba yaro sunan abin da babu shi, ka ce ya je ya nemo? Ba zai dawo hannu rabbana ba. Zai ɗebo abin da ya yi kama da shi.

Na gani da idona. Yaron rumfata, yaro mai hankali wallahi, ya bi su wata Lahadi ya dawo da rabin buhu yana murna wai ɗoɗɗoya ya samo, ta cika bakin hanya kyauta. Na murza na sansana, na ji ƙamshin ba shi ba ne. Na ce ya kai wa wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da ganye da muke mutunci da ita. Tana gani ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wannan ai ewe Akintola ne, ɗoɗɗoya kuwa ita ce efinrin, ta ɗauko ta nuna masa. Wannan Akintola ciyawa ce baƙuwa da ta zo daga nahiyar Amurka ta mamaye kurmi, kakanninmu ba su san ta ba balle su sa mata suna. Yarabawa suna matsa ruwanta a sabon yanka don tsayar da jini. Amma masana sun samu sinadari a cikinta mai iya taɓa hanta in aka dinga sha, shi kuwa yaron nan niyyarsa ya dafa ya ba mahaifiyarsa ta sha safe da yamma kamar yadda littafin ya ce a yi da ɗoɗɗoya.

Ko sunayen namu ma ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Bishiya ɗaya, wani gari a ce darbejiya, wani dogon yaro, wani bedi, wani maina. Har Yarabawa suka ara a wurinmu suna cewa dongoyaro, alhali ita kanta daga Indiya ta zo. Ɗana da ya yi karatu a kwalejin gandun daji ta Jericho ya taɓa nuna mini cewa a 1916, shekarar da aka kafa Sabon nan tamu, wani likita Bature, Dalziel, ya fitar da littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa, bayan ya yi shekaru yana aiki a Arewa yana tambayar mutane. Har yau sunan da masana suke kiran hano da shi yana ɗauke da sunan mutumin nan. Baƙo ya zauna ya yi wannan wahala a kan kayanmu. Mu kuwa da muke da abin, sai mu rubuta suna kawai mu wuce, ba bayanin kamanni, ba inda yake fitowa, ba sunansa da Yarabanci, alhali a ƙasar Yarabawa ake sayar da littafin. Da marubucin ya sa ewuro kusa da shuwaka, egbesi kusa da tafashiya, oganwo kusa da maɗaci, ayin kusa da marke, da ya yi wa mai karatu rabin aiki, don ko ba komai zai iya tambayar ɗan gari.

Hoto ba ya wari

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa koya mini ganye a zaune ba. Sai ta kai ni gabansa. Ta ce duba, ta ce taɓa, ta ce murza ka sansana, ta ce karya ka ga ko yana da nono. Sannan ta nuna mini ɗan'uwansa mai kama da shi ta ce wannan kuma kar ka kuskura. Shekara da shekaru ana wannan kafin ta yarda in tafi ni kaɗai.

Littafin nan ya maye gurbin duk wannan da hoto baƙi da fari wanda injin ya cinye rabinsa. Ɗauki tafasa. A hoton ba za ka bambanta ta da rai-ɗore ba, kuma su biyun suna fitowa wuri ɗaya a bakin hanya da kan juji, har nan Badun. Tafasa ganyenta bibbiyu ne sahu uku, bakinsu a zagaye, kwafsonta siriri dogo a lanƙwashe. Rai-ɗore ganyensa mai tsini ne, sahunsa ya fi yawa, yana da wari mai ƙarfi, kwafsonsa a ɗan baje. Shi ma ana magani da shi, amma ɗanyen 'ya'yansa guba ne ga dabba da ƙananan yara, har an samu mace-macen yara a Indiya da aka danganta da cinsu. Layi biyu sun isa a rubuta wannan. Ba a rubuta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a littafin da yake tura mutane daji babu ko shafi ɗaya na abubuwan da za a guda. Ga tumfafiya, wadda Fulani suke daskarar da wara da ita, amma nononta in ya shiga ido yana iya yi masa mummunar illa. Ga bini-da-zugu da ake shinge da shi ko'ina, 'ya'yansa da ɗan daɗi a baki, yara su ci su kama amai da gudawa. Ga 'ya'yan zurma. Ga idon zakara, ja da baƙi gwanin kyau, wanda in aka tauna yana kisa. Ga zaƙami, wanda ba banza aka sa masa haukata-yaro ba, mun kuma san abin da yake yi wa samarin da suke jiƙa shi.

Akwai kuma wata bishiya ta nan kurmi da nake so iyaye su sani. Yarabawa suna ce mata ishin. Fataken goro na da suna kiranta gwanja-kusa, wai in ayari ya fara ganinta ya san an kusa Gwanja. In 'ya'yanta suka nuna suka buɗe da kansu a kan uwa, ana cin farin naman nan mai maiƙo. In ba su buɗe ba aka fasa da ƙarfi aka ci, amai ne da zubewar sukarin jini, kuma yana kashe yara. Ɗan gari ya san wannan tun yana goye. Ɗanmu da aka ce masa duk abin da Allah Ya tsirar a daji alheri ne, wa ya gaya masa?

A jiƙa a sha, to nawa?

Na ƙirga, kusan kowane babi da kalma ɗaya yake ƙarewa: a jiƙa a sha, ko a dafa a sha. Ba a ce nawa ba. Ba a ce kwana nawa ba. Ba a ce mai ciki ta bari ba, ba a ce jariri ba, ba a ce mai ciwon ƙoda ko wanda yake shan maganin hawan jini ya yi hattara ba. Ni da nake sayar da goro ma ina da ma'auni, ƙwarya ɗari ce, kuma ba na haɗa goriya da minu a farashi ɗaya. Yaya abin da za a zuba a cikin ɗan Adam zai rasa ma'auni?

Waɗancan magungunan da na ambata a baya, na kwinin da na ƙasar Sin, abin da ya sa duniya ta amfana da su shi ne an zauna an gwada, an gane wane sinadari ne yake aikin, an san nawa ne yake warkarwa, nawa ne yake cutarwa. Marubucin ya kawo labarinsu don ya ƙarfafa maganarsa, amma ya tsallake wannan ɓangaren, alhali shi ne darasin.

Sannan ga cika baki. Ganye ɗaya a ce yana maganin basir, da sanyi, da shawara, da ciwon suga, da hawan jini, da rashin haihuwa, har da ciwon daji. Wannan harshen masu lasifika ne a bayan mota, bai dace da littafi ba. Masu maganin gargajiya na ƙwarai da na sani a gida, kowa da fanninsa. Maɗori ɗori yake yi, wanzami ƙaho da kaciya, ungozoma haihuwa. In abu ya fi ƙarfin mutum sai ya ce wannan ba nawa ba ne, je wurin wane. Wanda ya ce komai nasa ne, ka riƙe aljihunka, ka riƙe ranka.

Bara na yi wa wani bawan Allah salla a unguwar nan. Yana da ciwon suga, yana karɓar magani, yana samun sauƙi. Wani ya ce masa ya bar ƙwayar Bature ya riƙe shuwaka da sassaƙen maɗaci, wata uku zai rabu da ciwon. Ya bari. Ɗan ƙaramin miki ya fito masa a yatsan ƙafa, ana ta ɗaura ganye, sai da ƙafar ta yi baƙi aka kai shi asibiti. Na san ajali ne, ba wanda zai wuce kwanansa. Amma ni na ga 'ya'yansa a zaune a ƙofar gida ran nan, kuma na san Allah zai tambayi wanda ya ba shi wannan shawarar. Shuwaka abinci ce mai kyau, ba wanda ya hana shi cinta. Barin maganin ne ya zo da matsala. Littafin nan a babinsa na ciwon suga bai ce ko sau ɗaya mutum ya ci gaba da gwada jininsa ko ya sanar da likitansa ba.

Ko lambar NAFDAC da wasu masu kwalba suke nuna mana, mu fahimce ta. A kan maganin gargajiya, galibi abin da take nufi shi ne an duba an ga ba ya cutarwa a yadda aka ce a sha. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka rubuta a jikin kwalbar. To ina ga buhun ganyen da ba wanda ya duba?

Inda ya jingina da addini

Nan ne ya fi shafata. Marubucin ya buɗe da hadisin da ke nuna cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani, ya kawo na habbatus sauda da na zuma. Duka ingantattu ne, mun yi imani da su. Amma ya ɗauki waɗanda suka yi masa daɗi ya bar sauran. A cikin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah akwai hadisin da ke nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to in ɓarna ta faru shi zai ɗauki lamuni. A Abu Dawuda ɗin dai, an ruwaito cewa da Sa'adu bn Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Manzon Allah (SAW) ya tura shi wurin Harisu bn Kalada, likitan Banu Saƙifa. Wanda wahayi yake sauka gare shi ne fa ya ce a je wurin masani.

Ibnul Ƙayyim, wanda kowa yake jingina da littafinsa na Ɗibbun Nabawi, shi da kansa ya yi bayanin cewa magani yana bambanta da bambancin ƙasa da yanayi da abin da jiki ya saba, har ya nuna wasu bayanan sun fi dacewa da mutanen Hijaz saboda zafin ƙasarsu. Wannan ita ce maganar da nake yi tun ɗazu a kan Arewa da kurmi. Mu duba namu na gida ma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya zauna ya yi rubutu a kan magani, har ya ware wa basir nasa littafi, ciwon ido nasa. Cuta ɗaya littafi ɗaya. Wannan shi ne gadonmu: bincike da natsuwa. Sanya aya a bangon littafi ba ya mai da abin da ke ciki ya zama sunna, kuma wanda ya je asibiti bai rasa tawakkali ba.

Dajin na wa ne?

Akwai abin da littafin bai ko taɓo ba, kuma ga mazaunin Sabo ya fi komai muhimmanci. A ƙauyenmu akwai jeji, wanda kowa zai shiga ya yi itace ya tsinko kanya. A nan abin da ka gani ka ɗauka daji ne, sau da yawa gonar wani ce. A ƙarƙashin duhuwar nan akwai koko, akwai goro, akwai kwakwar manja, kowace bishiya da mai ita. Wani wurin gandun gwamnati ne, kamar na Gambari a hanyar Ijebu-Ode, ba a sara sai da izini. Wani kuma kurmi ne da masu gari suke girmamawa a al'adarsu, baƙo ba ya shiga. Ni da nake da abokan ciniki na shekaru a ƙauyukan nan, ko ganyen fita zan ɗiba na ɗaurin goro sai na tambaya, sau da yawa ma saye nake yi. A shari'a dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Ku duba zamanin da muke ciki, jama'a. Samari biyar shida 'yan Arewa, a kan babura, da adduna da buhuna, a cikin gonar mutane ba sallama. Mu mun san ganye suka je nema. Manomin da ya hango su fa? Jami'an Amotekun da aka kafa a 2020 don sintirin dazukan nan fa? Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021 ba, yadda ƙaramar hatsaniya ta zama asarar rayuka da ƙone rumfuna. Zaman da iyayenmu suka gina a garin nan sama da shekara 100, da haƙuri da cika alkawari suka gina shi. Kar buhun ganye ya jawo mana abin da za mu yi da-na-sani.

Sannan ko an ba ka izini, ka san abin da aka fesa? Gonakin koko ana musu feshi, bakin hanya ana fesa maganin ciyawa, ganyen da ke gefen Ogunpa kuwa kowa ya san ruwan da yake sha. Tafasawa ba ta cire wannan duka.

Ita ma bishiyar tana da hakki. Littafin yana ta cewa a samo sassaƙe, a tono saiwa, bai ce yaya ba. Kakata gefe ɗaya take sassaƙa, ɗan tafin hannu, ta shafe wurin da laka, ba ta komawa wannan bishiyar sai ta warke. Wanda ya zagaye bishiya da sassaƙa ya kashe ta a tsaye. Ku je ku ga maɗatan da ke bakin titunan garuruwan Arewa yadda aka feɗe su. Addinin da ya gaya mana mai dasa bishiya yana samun ladan sadaka a kan duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare ta, ba zai yarda mu zama masu kashe ta da sunan komawa ga halittar Allah ba.

Shawarata

Ban ce a ƙone littafin ba. Ƙishirwar da ya taso da ita ta gaskiya ce, ruwan da ya kawo ne bai tace ba. Ga marubucin, in wannan ya iske shi: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka sake bugu. Ka raba tsirran Arewa da na kurmi, ka sa sunan Yarabanci, ka sa babin guba, ka cire alkawarin warkar da ciwon daji da suga, ka ba wani masanin tsirrai da wani likita su duba kafin ka kai wa mai inji. Garin nan ba a rasa su ba. A Jericho akwai cibiyar binciken gandun daji mai ɗakin ajiyar samfurin tsirrai, a jami'ar Ibadan akwai lambun tsirrai da ake shiga a gani.

Ga samarinmu: sha'awarku abar yabo ce, ta fi zaman majalisa da latsa waya. Amma ku fara da abinci kafin magani, ku fara da gida kafin daji. Zogale reshe ake kafawa ya kama. Shuwaka haka. Ɗoɗɗoya da lalo da rama da alayyahu suna yi a tsohon bokiti ko buhun siminti a bayan ɗaki. In za ku fita, da ɗan gari akan ci gari: ku nemi mai gona, ku gaishe shi, ku tafi da wanda ya sani. Ku je kasuwar Bode ko Oje ku zauna wurin matan nan masu ganye, ku saya, ku tambaya, ku yi ladabi. Abin da ba ku tabbatar ba kar ya shiga bakinku, balle na yaro ko mai ciki.

Ga mu iyaye da malamai kuma, laifin ya fi yawa a wuyanmu. A unguwar nan akwai tsofaffi mata da suka san ganye fiye da marubucin nan sau goma, suna zaune a ɗaka ba mai tambayarsu, kullum kuma muna raka ɗaya maƙabarta da iliminta. Me zai hana makarantun Islamiyyarmu su ware rana ɗaya a wata, a gayyato ɗaya daga cikinsu da kwandon ganye, yara su gani su taɓa su sansana, babban ɗalibi ya rubuta? In aka kai yara gida hutu da damina, a fita da su gona a nuna musu. Wannan ba ya cin ko sisi.

Wanda kuma yake da zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko yaro mai suma, ko mai ciki da ta ga jini, ko mikin da ya ƙi warkewa, don Allah a tafi asibiti tukuna, a yi maganar ganye daga baya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, kuma wanda ya fi ni sani ya gyara mini a fitowa ta gaba, zan karɓa da godiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.